Injin Yayyanka Nama Ya Shigo Gida: Tsakanin Wuƙar Rundawa da Wutar da Ba Ta Zama

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a Dakko, ko a wani gari na ƙasar Bakura, ya san yankan layya ba shi ne aikin ba. Wannan na 'yan mintoci ne. Aikin yana farawa ne bayan an feɗe, an fitar da kayan ciki, an banƙare raguna a kan itace an jera su kewaye da wuta kamar yadda ake yi a ƙasar Sakkwato da Zamfara.

Kashegari tsakar gida takan cika da tire da faranti. Mata sun zauna, kowace da wuƙarta. Yara suna korar ƙuda da mafici. Kafin azahar an aiki wani ya kai wuƙaƙe a waso domin sun dakushe. Na rabo daban, na suya daban, na dambu daban, ga wanda maigida ya ce a keɓe masa a yi masa tsire. Zuwa magariba hannu ya kumbura, kuma da wuya a rasa wadda ta ɗaure yatsa da tsumma.

A irin wannan gajiya ce mace za ta buɗe waya ta ga bidiyo a TikTok ko Facebook: wani ɗan inji fari a kan teburin kicin, ana tura masa tsoka, yana zubo ta falle-falle, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa. Babu gumi, babu wasa wuƙa. Dole rai ya biya.

Injin har yanzu baƙo ne a ƙauyukan wannan yanki. Amma ya fara shiga jerin kayan kicin da ake yi wa amare a birane, gefen bilenda da tukunyar lantarki, kuma abin da ya shiga ɗakin amarya a Gusau ko Sakkwato ba ya daɗewa bai iso Talata Mafara ba. Shi ya sa ya dace a duba shi tun kafin a zuba kuɗi.

Abin da ke cikin kwali

Ƙaramin injin gida bai da wani sirri. Faifan wuƙa ne na ƙarfe, faɗinsa kamar santimita 17 zuwa 19, wanda ƙaramar mota mai ƙarfin wat 100 zuwa 200 take juyawa. Akwai tire mai zamewa gaba da baya inda ake ɗora nama, da madanni mai 'yan ƙayoyi da ke riƙe naman domin kada yatsa ya kusanci wuƙa, sai maɓallin da ake murɗawa a zaɓi kauri, daga siriri ƙwarai zuwa wajen milimita 15.

Mafi yawansu daga Sin ake shigo da su. Ana samun su a shagunan kayan kicin na Kano da Kaduna da Abuja, ko a saya ta intanet a aiko a mota. Farashi yana bin dala: tun da aka saki darajar naira a 2023 komai na waje ya tashi, kuma mai saye zai ji daga 'yan dubu gommai har sama da dubu ɗari, gwargwadon ƙarfi da suna.

Abin da bidiyon talla ba ya nunawa yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin. Ƙananan injinan nan ba a yi su domin dogon aiki ba. Da yawansu ana so a kashe su bayan minti biyar zuwa goma su huce. Haƙoran da ke juya wuƙar a ciki galibi na roba ne. Ba sa yanka ƙashi. Ba sa son jijiya. Wato rago guda da ƙashinsa da haƙarƙarinsa ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Daga Rotterdam aka faro

Wani mahauci ne ɗan ƙasar Holan, Wilhelm van Berkel, ya ƙera injin farko a birnin Rotterdam a 1898. Nasa da hannu ake juya shi. Kamfanin da ya kafa har yau yana nan da sunansa.

Sai dai a lura da irin naman da ya yi wa injin. Naman Turai ne da aka jiƙa da gishiri aka busar, ko aka dafa aka matse ya sandare, da cuku, da burodi. Duk abubuwa ne masu tauri da ke tsayawa cak a gaban wuƙa. Can gabas ma, a Sin da Japan, inda ake cin nama siriri ana tsoma shi a tafasasshen romo, sai an daskarar da shi tukuna ake yankawa. Akwai ma wani mai arha da ba ya amfani da lantarki, mai mariƙi da ake dannawa, shi ma daskararren nama yake ci.

Mu kuwa namanmu na yau ne. An yanka da safe, an sayar kafin la'asar, an ci da dare. Ba ma rataye shi kwanaki a ɗakin sanyi. Ɗanyen nama mai ɗumi yana da laushi da santsi, kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Idan aka tura shi ga faifan da ke juyawa, sai ya lanƙwashe, ya maƙale a bayan wuƙa, ya fito a yage. Wanda ya sayi injin ya gwada shi da naman da aka kawo daga kasuwa yanzu-yanzu zai ce an cuce shi da jabu. Ba jabu ba ne. Naman ne bai yi sanyi ba.

Sanyi ne jarin, ba wuƙa ba

A nan maganar take. Kafin injin ya yi abin da aka gani a bidiyo, sai an cire ƙashi, an ɗaye tantani, an fitar da jijiya, an naɗe tsokar a leda an sa a firiza na awa ɗaya zuwa biyu. Ba a so ta zama dutse, domin hakan zai kashe mota. Ana so ta yi tauri yadda yatsa zai ɗan lotsa ta da kyar. Wanda ba shi da firiza mai aiki, injinsa ado ne.

To ina firiza mai aiki a Dakko?

Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Kebbi, kuma tana can kusa da ƙarshen layi. Mutanen yankin ba sa buƙatar a ba su labarin yadda wutar take. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun kwashe kwanaki a duhu, masu firiza suka yi ta zubar da kaya. Abin takaicin shi ne madatsar ruwa ta Bakolori tana nan a maƙwabta. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, har da ƙaramar tashar wuta mai kimanin megawat 3 a cikin tsarin. Manoman Birnin Tudu da kewaye sun biya ta da gonakinsu, wasu da rayukansu a rikicin 1980. Ruwanta yana shayar da shinkafa da albasa da dankali, amma gidajen da ke gefenta da fitilar caji suke kwana.

Injin shi kansa ba ya cin wuta sosai. Ƙaramin janareta ko inbata ta sola za ta ɗauke shi ba tare da ta yi nishi ba. Firizar ce matsala, domin ita tana son wuta ta awanni a jere. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta domin a sandarar da kilo biyu na nama ya zama lissafin da babu magidancin da zai yarda da shi.

Akwai dabara ga wanda ya nace. A sayi ƙanƙara wurin masu sayarwa, a farfasa a cikin kula, a barbaɗa gishiri da yawa, a naɗe naman a leda biyu a binne a ciki. Gishiri yana sa sanyin ƙanƙara ya sauka ƙasa da sifili, kuma tsoka marar kauri za ta yi taurin da ake bukata. Yana aiki. Amma a ranar Sallah, ƙanƙarar ma sai mai rabo.

Abin da barunje ya iya

Rundawan yankin, wato mahauta, ba su ɗauki injin a matsayin kishiya ba, kuma suna da hujja. Mace ko yaronta ya je wurin mai nama a kasuwar ranar Talata ta Mafara, tambayar farko ita ce, “Hajiya, na miya ko na tsire?” Duk wanda aka ce, a nan take za a yanka shi yadda ake so, ba a ƙara ko kwabo. Injin da aka saya da dubban nairori yana gasa ne da aikin da ake yi kyauta.

Sannan akwai yankan da injin ba zai taɓa yi ba. Masu sha'awar sayensa da yawa kilishi ne a ransu. Su je su tsaya a bayan mai kilishi su kalli hannunsa. Yana ɗaukar dunƙulen tsokar cinya, ya tsaga ta, ya riƙa bin ta da wuƙa yana juyawa yana buɗewa, kamar mai warware rawani, har dunƙulen da bai fi dunƙulen hannu biyu ba ya zama shimfiɗa guda mai tsawon kamu ko fiye, siririya har haske yana ratsa ta, kuma ba ta yanke ba. Ita ake shanyawa a kan kara, ta bushe, a tsoma a labu na ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta.

Faifan inji ba ya warwarewa, gutsurewa yake yi. Kowane yanki da zai fitar ba zai wuce faɗin dunƙulen da aka ba shi ba. Za a samu 'yan falle-falle masu kyau, kaurinsu ɗaya, za su bushe tare, za a iya yi musu labu su yi daɗi. Yara za su cinye. Amma wanda ya saba da na Agadasawa a Kano ko na Madawa a Jamhuriyar Nijar zai gane bambanci tun daga ido.

Fawa sana'ar gado ce, mai sarki da ladubba. Yaro yana farawa da wanke hanji da riƙe ƙafa, ya yi shekaru kafin a ba shi cinya ya buɗe. Abin da ya dami masu wannan sana'a a yau ba ɗan injin kicin ba ne. Dabbar ce ta yi wuya. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun kwashe garkunan da ke dazukan Maradun da kewaye, makiyaya da yawa sun yi ƙaura. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar. An buɗe daga baya, amma bokolo da rahaji da uda ba su koma farashin da ba. Gidan da a da yake sayen nama kullum yanzu sai ranar kasuwa.

Inda yake da rana

Kada a ce an yi wa injin rashin adalci. Akwai wadda zai yi wa amfani, kuma ba amaryar da aka jera wa shi a kabad ba ce.

Ita ce matar da ke sana'a a cikin gida. A kowace unguwa akwai su: mai tsire a tsinke, mai soyayyen nama, mai shawarma da burodin nama da ake oda ta WhatsApp, mai girkin biki. Ga irin wannan mata, kaurin yanka kuɗi ne. Idan hannu ne, yau tsinke arba'in zai fita daga kilo, gobe talatin da biyar, ba ta san inda ribar ta zube ba. Idan inji ne, ta sa maɓalli a wuri ɗaya, lissafinta ya tsaya. Yanka iri ɗaya kuma yana nuna tare a kan wuta, ba wani ya ƙone wani yana ɗanye ba. Ga wadda ba ta fita, akwai kuma sauƙin rashin jiran sai wani namiji ya dawo ya yanka mata.

A wurin masu firizar sola, waɗanda suka fara yawaita a shagunan sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, lissafin yana iya fita. Haka ma idan mata biyar ko shida suka haɗa kuɗin adashi suka saya, aka ajiye a gidan mai wuta.

Abin dariya kuma, aikin da ya fi iyawa a wannan yanki ba na nama ba ne. Albasa, kabeji, dankalin Hausa da na Turawa, burodin da ba a yanka ba: duk waɗannan suna da taurin da yake so ba tare da firiza ba. Mai girkin biki da ke yanka kwandon albasar Bakolori da hannu tana hawaye za ta fi kowa gode masa.

Wanda ya samu naman ya yi sanyi, sauran ƙa'idojin kaɗan ne. A yanka a gicciye, ba a bi tsawon zaren tsoka ba, in ana son laushi. Kada a danna da ƙarfi, a bar wuƙa ta ci da kanta. A ajiye injin a kan teburi mai ƙarfi, ba a kan tabarma ba. Idan ya fara wari ko ƙararsa ta sauya, a kashe.

Ranar da aka kawo wuta

Ma'aikatan lafiya su abin da suke hange daban ne. Faifan nan yana yanka ko a kashe yake, kuma wurin wanki aka fi jin rauni. Ƙa'idar ita ce a zare filogi daga bango, a mayar da maɓallin kauri kan sifili yadda bakin wuƙa zai ɓuya, sannan a taɓa.

A ƙasarmu akwai wani haɗarin da wanda ya rubuta takardar cikin kwali bai yi tunaninsa ba. Ana cikin yanka sai a ɗauke wuta. Injin ya tsaya, maɓallinsa yana kunne. Uwargida ta tashi ta duba tukunya, ko ta ce wa yarinya ta ciro naman da ya maƙale a bayan wuƙa. Sai a kawo wuta. Wasu injinan suna da maɓallin da sai an riƙe shi suke juyawa, wasu ba su da shi, kuma masu arhar ne suka fi rasa shi. Mai saye ya tambayi wannan kafin ya tambayi launi.

Gidajenmu cike suke da yara, na ɗaki da na maƙwabta da almajirai, kuma babu abin da ke jan yaro kamar abu mai juyawa. Yankan da ya tsinke jijiyar yatsa ba na ɗaurin tsumma ba ne. Ɗinki yake so, wani lokaci ƙwararren likita, wanda ke nufin tafiya Gusau ko Sakkwato. Kowa ya san yadda hanyoyin yankin suke idan rana ta faɗi.

Sai tsafta. Wuƙar hannu a wanke ta minti ɗaya ne. Inji kuwa yana da lunguna: bayan faifai, ƙarƙashin tire, cikin ƙayoyin madanni. Jini da kitse suna maƙalewa a can, kuma a zafin bazara da ke haura digiri 40 ƙwayoyin cuta irin su salmonela ba sa buƙatar dogon lokaci. Akwai wata mai suna listeriya wadda ko sanyin firij ba ya hana ta yaɗuwa. Ita ce ta kashe mutane sama da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen nama daga wata masana'anta. A Amurka dokar gidajen abinci ta ce a kwance irin wannan inji a wanke duk bayan awa huɗu idan ana aiki da shi.

Babban kuskuren da za a iya yi a gida shi ne a yanka ɗanyen nama, a goge da tsumma, a bi da kabejin da za a ci ɗanye ko burodin yara. Tsarin shi ne na ci-ɗanye da dafaffe su riga, ɗanyen nama ya zo ƙarshe, sannan a cire faifan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a bar shi ya bushe kafin a mayar. A gidan da ake sayen ruwa a jarka wurin 'yan garuwa, wannan ma kuɗi ne.

Lokacin Sallar ma yana matsowa. A 2024 ta faɗo a tsakiyar Yuni, a 2025 a farkonsa, kuma kowace shekara tana ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya. Shekarun da ke tafe layya za ta riƙa faɗowa a tsakiyar zafin Mayu da Afrilu, lokacin da nama ya fi saurin juyawa, ƙanƙara kuma ta fi tsada.

Idan ya lalace fa?

Mai gyaran fanka da bilenda a Talata Mafara zai iya buɗe motar, ya sauya waya, ya gyara maɓalli. Amma idan haƙoran robar nan suka cinye, wanda shi ne ciwon da ya fi kama su idan an tilasta musu jijiya ko daskararren nama, samun madadinsu sai an dace. Faifan ma iri biyu ne. Mai baki sumul ya fi kyau ga nama kuma ana iya wasa shi da dabara. Mai baki irin na zarto, wanda shi ne ya fi zuwa da masu arha, ya fi dacewa da burodi, kuma ba ya wasuwa a dutsen da ake wasa barho.

Masu sayen na hannu da aka shigo da shi daga Amurka su duba bayansa. Idan an rubuta 110 ko 120, na wutar can ne, tamu 230 ce, kuma sa shi a soket kai tsaye ƙonewa ce nan take. Ƙarfen da tire ke zamewa a kai yana son maiko, amma ba man gyaɗa ba: shi yana daskarewa ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama danƙo, tire ya ƙi motsi. Akwai man da ake sayarwa musamman domin injinan abinci, ɗigo biyu ya isa, kuma gara a saye shi a shagon da aka sayi injin tun ranar farko, domin ba a samunsa a kasuwar ƙauye.